Mukullin Lasifika a Wuyan Gola

Har yau akwai mutane a Zaitawa da in na wuce suke cewa ga uban yaron da ya zubar mana da kofin ƙwallo. Ba na musu. Shi ne ya zubar, a gabana aka yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne in ba wani haƙuri a kan haka. Ban bayar ba, ba kuma zan bayar ba.

Ni baduku ne. A zauren gidanmu nake ɗinki, inda mahaifina ya yi nasa: takalma, jakunkuna, kuben wuƙa, wani lokaci gyaran buzun salla. An san ni da rashin magana. In manya suna zance a dakalin masallaci, nawa sauraro ne. Ban yi boko ina yaro ba, allon ma ban yi nisa ba aka zaunar da ni gaban fata. Sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, Asabar da Lahadi bayan La'asar. Na faɗi wannan ne don a san yadda unguwa ta ɗauke ni: mutumin da in an yanke magana zai ce to.

Ɗana na uku shi ne mai ƙwallo. Tun yana ƙarami duk ƙwallon da ta fashe a layinmu zaurena ake kawo ta, shi ne a gaba, sauran yara a bayansa. Ɗan gaba ne a ƙungiyar unguwa, yana da gudu, yana cin ƙwallo. Ni ban damu da abin ba. Na ɗauka zai girma ya bari.

Da ya balaga, wata rana ya dawo daga Islamiyya ya tsugunna kusa da ni, ya daɗe yana wasa da guntun fata kafin ya yi magana.

"Baba, safar hannu nake so ka ɗinka mini."

"Da zafin nan?"

"Ba ta sanyi ba. Ta gola."

Na ajiye basilla na dube shi. Ya ce an karantar da su cewa al'aurar namiji daga cibiya ne zuwa gwiwa, wandon ƙungiyarsu kuwa bai kai gwiwa ba. Ya roƙi kocinsu ya bar shi ya sa dogo, kocin ya ce a gasa dole kayan kowa su zama iri ɗaya, mai tsaron raga ne kaɗai ake bari ya sa dogon wando.

"Shi ne na ce a mai da ni raga."

"Ka iya kamun ne?"

"Ban iya ba. Zan koya."

Na auna tafinsa a kan fatar akuya mai laushi, na sa soso a ciki, na ɗinka. Ba ta yi kyau ba, amma ta shiga.

Da farko abin ba daɗin gani. Ƙwallo ta ƙarƙashinsa, ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa. Abokansa suka sa masa suna Rariya. Yaron da ake ɗaga shi sama in ya ci, ya koma wanda ake zagi in an tashi. Uwarsa ta ce ya haƙura da ƙwallon gaba ɗaya, tunda ta zama abin ɓacin rai. Bai haƙura ba. Kullum bayan Asuba sai ya tafi kangon da ke bayan masallacinmu, ya doka ƙwallo a bango, ta dawo, ya faɗa mata. Gwiwar hannunsa ba ta rabuwa da ƙujewa. Safar nan na sake mata tafi ya fi a ƙirga. Kafin damina ta zagayo an daina ce masa Rariya.

A wannan tsakanin ne tari ya kama Baba Ladan, tsohon da ke kiran salla a masallacinmu tun ina saurayi. Yaron ya saba zama wurinsa, shi ya koya masa kira da sanin lokaci. Ya nuna masa cewa in jemagu suka fara ketowa ta saman unguwa, Magariba ta ƙarato, mutum ya nufi masallaci. Da muryar tsohon ta ƙi fita, sai ya kira yaron har ɗakinsa ya damƙa masa mukullin akwatin da ake kulle na'urar lasifika da batirinta. Na kitsa masa igiyar fata, ya rataya mukullin a wuya.

Lasifikar nan Alhaji ne ya saya. Attajirin layinmu ne, mai sayar da turare da yadi, jikan Larabawan da suka zauna a cikin birni tun zamanin fatauci. Ba mugun mutum ba ne. Shi ke sayen tabarmi, shi ke canza batir. Sai dai in ya sa hannu a abu, yana so a ji ta bakinsa a kansa. Da ya ji wanda aka ba mukulli, ya tsayar da Malam Liman a dakali bayan La'asar, mutane suna nan, ni ma ina gefe.

"Allah gafarta Malam, kiran salla ba wasan yara ba ne. Yaron da ke wuni yana birgima a ƙasa, shi zai riƙa tashe mu?"

Malam Liman ya ce, "Ka ji muryarsa kuwa, Alhaji?"

"Murya ai mai tallan gawayi ma yana da ita."

Aka yi dariya. Alhaji ya ci gaba da cewa 'yan ƙwallo ba su san Magariba ba, sai duhu ya hana su ganin ƙwallon suke tashi. A ƙarshe ya kafa sharaɗi. Masallatan unguwar Kabara muna jin kiransu sarai daga wurinmu. Ya ce duk ranar da suka gama kiran Magariba ba a ji muryar yaron ba, ya kawo mukulli. Sannan ya juyo wurina.

"Ko ba haka ba, Malam Baduku?"

Na ce, "To."

Wannan to ɗin ta daɗe tana cina. A gaban jama'a aka ce ɗana ba zai riƙe amana ba, ni kuma na amsa kamar an tambaye ni kuɗin gyaran takalmi.

Yaron bai nuna ya damu ba. Ya tsara abinsa. Filinsu yana wajen Ƙofar Ɗan Agundi, ana fara wasa bayan La'asar. Yakan ajiye jarkar ruwa da jallabiya a bayan raga. In an tafi hutun rabin lokaci, sauran suna shan ruwa, shi yana alwala. Da ya ga jemagu sai ya cire safa, ya zura jallabiya, ya kama gudu ta lunguna. Kocin ya yi ta mita, daga baya ya saba, don ba shi da gola kamarsa. Alhaji kuwa kullum yana kan dakali da agogonsa a hannu. Azumi ya zo ya wuce, sanyi ya zo ya wuce, bai samu abin da yake jira ba. Ni ina zaure, da na ji an hura lasifika sai in ajiye aiki. Ban taɓa gaya wa yaron abin da nake ji a ƙirjina a wannan lokacin ba. Mu ba ma faɗa wa 'ya'yanmu irin wannan.

Sai aka sa gasar kofi tsakanin unguwanni. Yaranmu suka yi ta ci har suka kai wasan ƙarshe, da yaran Kabara. Rabin nasarar nan hannun ɗana ne, kowa ya faɗa a lokacin, har waɗanda suka manta yanzu. Ranar Lahadi aka sa wasan. Ban taɓa fashin aji ba sai ranar, ban kuma taɓa zuwa kallonsa ba sai ranar.

An ce da an idar da La'asar za a take. Ba a take ba, don babban baƙon da zai miƙa kofi bai iso ba. Da ya iso aka yi ta jawabi, aka bi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya ana gaisawa. Ina kallon ɗana yana ɗaga kai yana duban rana.

Ban san dokokin ƙwallo sosai ba, amma na san na ga yaro yana tashi sama kamar an jefa shi. Akwai wadda aka buga masa daga kusa, duk filin ya miƙe an ɗauka ta shiga, ya doke ta da yatsu ta haye. Wani saurayi da ke kusa da ni, bai san ni ba, ya riƙe kafaɗata yana girgiza ni.

"Baba, ka ga gola? Wannan aljani ne."

Na ce, "Na gan shi."

Aka tashi ba wanda ya ci wani. Alƙalin wasa ya ce sai bugun fenariti, kowace ƙungiya ta fito da masu bugawa. A irin wannan bugun komai yana hannun gola. Daidai lokacin jemagu suka fara wucewa.

Ina kusa da layi, na ji abin da aka yi. Ɗana ya je wurin alƙalin wasa ya ce a bari a yi salla tukuna a dawo a buga. Alƙalin ya ce filin ba fitila, in aka tafi duhu zai yi, baƙo kuma yana sauri. Kocin, wanda ke kiransa Ladan tun da ya karɓi mukulli, ya riƙo hannun yaron.

"Ladan, don girman Allah. Yanzu za a gama. Masallaci nawa ne a garin nan? Wani zai kira."

"Namu ni ne zan kira, Koci."

"Yau ɗaya?"

"Yau ɗayan ake jira."

Ya waiwaya yana nemana a cikin mutane har ya gan ni. Ban ɗaga masa hannu ba, ban girgiza kai ba. Ba ni aka ba mukulli ba. Ya cire safar da na ɗinka, ya miƙa wa wani ɗan baya, ya ɗauki jallabiyarsa ya fita da gudu.

Filin ya ɗauki ihu. Aka bi shi da jifa da ledojin ruwa. Saurayin da ya ce masa aljani ɗazu yanzu uwarsa yake zagi. Na dube shi na ce ni ne uban, in akwai saura ya faɗa mini. Ya saki baki, ya matsa.

Na kama hanyar gida a ƙafa. Ina cikin lungu na ji Kabara sun fara kira. Na tsaya cak. Ba su kai rabi ba sai ga tamu lasifikar. Kabbarar farko ta karye masa a maƙogwaro, ana jin hakinsa. Ya ja numfashi ya sake ɗauka, ya kai ta har ƙarshe. Kafin ya gama, wata sowa ta tashi daga bayana, ta wajen fili. Na san ba ta mutanenmu ba ce.

Na samu raka'ar ƙarshe. Da aka sallame na ga samari sun fara taruwa a ƙofar masallaci, wasu ko rigar wasa ba su cire ba, suna ta surutu. Alhaji ya miƙe tun mutane ba su watse ba.

"Allah gafarta Malam, ka ji abin da aka yi mana yau? Haki a lasifika, har Kabara ana ji. Dubi ƙafar wandonsa, duk ƙasa. Ga shi ya jawo mana 'yan tasha ƙofar masallaci. Yaro, kawo mukullin nan."

Ɗana yana zaune a sahun gaba, gumi bai bushe masa ba. Bai yi gardama ba. Ya sa hannu a wuya ya fara zaro igiyar. An jefe shi a fili saboda masallaci, ga shi a masallaci za a karɓe abin da ya bar filin dominsa. Ban san lokacin da na ratsa sahu ba. Na dafa hannunsa na mayar da igiyar cikin rigarsa.

Na ce, "Alhaji, sharaɗi ɗaya ka kafa. Ka ce in Kabara suka gama bai fara ba. Sun gama?"

Ya dube ni kamar tabarma ce ta yi magana.

"Malam Baduku, yaushe ka fara magana?"

"Yau. Sun gama ko ba su gama ba?"

"Bokon da kake zuwa ne ya buɗe maka baki?"

"A ajin ma ni ne mai shiru, Alhaji. Ranar da ka kafa sharaɗin nan ka tambaye ni, na ce to. Ban ƙara ko kalma ba. Yaron nan ya cika. Ba a yi maganar haki ba, ba a yi maganar wando ba. Ƙasar fili ce, ba najasa ba ce, ga Malam nan a tambaye shi."

Alhaji ya ce, "Lasifikar dai da kuɗina na saya."

"Taka ce. In ka ga dama ka kwance abarka. Zai hau soro ya kira da baki, yadda Baba Ladan ya yi shekara da shekaru kafin ka kawo ta. Amma mukulli ba kai ka ba shi ba. Wanda ya ba shi yana kwance a ɗaki, da ransa. In shi ya aiko a karɓa, ni zan kai masa da hannuna."

Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan a gaban mutane ba. Malam Liman ya ja carbinsa ya tambaya ko akwai wanda ya ji Kabara sun gama kafin yaron ya fara. Ba wanda ya amsa. Ya ce to a tashi a yi nafila, lokaci yana tafiya.

A waje samarin suka tare mu. Wanda aka bar wa safa yana cikinsu, ido ja wur. Duk bugun da aka yi masa ya shiga.

"Baba, ɗanka ya sayar da mu."

Na ce, "Nawa aka ba shi?"

Suka dubi juna. Na ci gaba.

"Wa ya kai ku wasan ƙarshen? Da aka zauna jiran baƙo rana tana faɗuwa, wa ya buɗe baki a cikinku? Kun san da mukulli a wuyansa tun ba yau ba. Ba ni safar, ni na ɗinka ta."

Ya miƙo. Na kama hannun ɗana muka ratsa su. A zaure ya zauna ya haɗa kai da gwiwa, ya yi kuka mai isarsa. Yana son kofin nan fiye da duk masu ihun. Na bar shi ya gama, sannan na ce ya shiga ya ci tuwo kafin Isha.

Washegari Alhaji ya aiko mai gyaran wuta ya kwance lasifika da na'urarta. Aka bar akwatin wayam. Ɗana ya kulle shi haka nan, ya mayar da mukulli wuya, ya jingina tsani ya hau soron masallaci. Haka ya riƙa kira, hannu a kunne, sau biyar a rana. Muryar ba ta wuce layi biyu. Wasu suka ce mini in je in ba Alhaji haƙuri a wuce wurin. Na ce haƙurin me? Har ƙanena ya zo ya ce ina zubar da mutuncin gidanmu a kan ƙwallo. Na ce masa ya sha ruwa ya gaida gida.

Ban je ba. Abin da ya dawo da lasifika daga cikin gidan Alhaji ya fito. Mahaifiyarsa Hajiya tana nan da ranta, ta tsufa ƙwarai, kunnenta ya yi nauyi, kuma da kiran masallacinmu take salla. Maiɗakina ta jiyo a wurin mata cewa tsohuwar ta kira shi ta tambaye shi ko ladanin unguwa ya mutu ne ba a gaya mata ba. Ba a jima ba sai ga mai gyaran wuta da kwali a kai. Ya tsaya a ƙofar zaurena ya ce an aiko shi ya mayar, amma akwatin a kulle yake, wa ke da mukulli? Na ce ya zauna ya jira mai shi ya dawo daga makaranta. Ya jira.

Kocin kuwa ya ajiye yaron a benci, ya ce sai ya zaɓi ɗaya, ƙwallo ko kiran salla. Abokansa suka daina zuwa kango su buga masa. Bango kaɗai ba ya isa, in ji yaron, don bango ba ya yaudara. Sai na ce ya nuna mini yadda ake yi. Ni da ban taɓa taɓa ƙwallo da ƙafa ba sai da basilla, na naɗe riga na ɗaure a ƙugu, bayan Asuba ina buga wa ɗana ƙwallo a bayan masallaci. Rabin bugun, ƙwallon tana tafiya inda ban aike ta ba. Ya ce hakan ya fi, don ko shi bai san inda za ta ba. Da aka fara wata gasar aka zura wa sabon golansu har ya gaji da ɗebowa, kocin da kansa ya zo zaurena, wai ya kawo gyaran takalmi. Na gyara masa, na bar shi ya nemi yaron da bakinsa.

Ban daina bugun safen ba ko da ya koma raga. Wata safiya Alhaji ya biyo ta kangon zai tafi kasuwa, ya tarar da ni riga a ƙugu, ina ja da baya zan buga. Ya tsaya yana kallo.

"Malam Baduku, da girmanka?"

Na ce, "Matsa gefe, Alhaji, ƙafata ba ta da saiti."

Ya matsa. Na buga, ɗana ya faɗa ya cafke ta, mukullin ya fito daga wuyan rigarsa yana lilo. Ya mayar da shi ciki, ya jefo mini ƙwallon.